Na bi kuɗin maganin kyauta daga Tawa har Yamai

Ban nemi zama ma'ajin kwamitin gidan likitar garinmu ba. Na gama aikin koyarwa na dawo gida, ina fama da ƴar garkar albasata, sai mai gari ya aiko aka kira ni. Ya ce, “Mushe, kai ka iya karatun nasara, kuma ba a taɓa jin ka da kuɗin kowa ba. Sai ka riƙe mana akwatin.” A farkon 2019 ke nan. Akwatin na ƙarfe ne, a ciki akwai kaye biyu, da littafin ajiya na asusu wanda abin da ke cikinsa bai kai kuɗin tunkiya biyu ba, da wani tulin takardu da aka ɗaure da robar taya. Na tambayi majo, wato shugaban ma'aikatan gidan likitar, ko wannan fa. Ya yi dariya ya ce, “Arzikinmu ke nan, Mushe. Bashin da muke bin gwamnati ne.” Na kwance robar na ƙirga: wata 26 ba a biya ba, kuɗin sun haura miliyan 7 na sefa. A ranar na ɗauka sakaci ne na waɗanda suka gabace ni, na ce a raina ai takarda in an bi ta tana tafiya. Shekara guda na yi ina bin ta. Ina rubuta wannan ne don duk wanda aka ɗora wa akwatin COGES, wato kwamitin kula da gidan likita, irin nawa ya san hanyar tun kafin ya kashe takalminsa da kuɗin jama'a.

Sai an san yadda asusun yake aiki kafin a gane inda ya huje. Tun shekarun 1990, bayan shawarar da aka yanke a Bamako a 1987, kowane CSI, wato gidan likitar gwamnati irin na garinmu, a Nijar yana rayuwa ne da tikitin marasa lafiya. Ka biya, a duba ka, a ba ka magani. Kuɗin su shiga akwati, a je a sayo wani magani, a biya mai karɓar kuɗi da mai gadi da mai shara. Jari ne mai juyawa, ba shi da bambanci da na mai tebur. A zamanin Tandja Mamadou aka mai da tiyatar haihuwa kyauta a 2005, a 2006 aka ƙara da yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki da tsarin iyali. Ni dai ba za a ji na zagi wannan doka ba. Na koyar a ƙauyuka kafin ta, na ga uwa tana ɓoye yaro mai zafin jiki a ɗaki har ya fara suma saboda maigida ba shi da kuɗin tikiti. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar a Nijar ta sauko daga 226 cikin dubu a 1998 zuwa 128 a 2009, kuma maganin kyauta na cikin dalilan, tare da gidan sauro da yaƙi da tamowa. Matsalar tana wajen tsarin biya. An ce gidan likita ya yi aikin tukuna da maganinsa, ya rubuta faktir, wato takardar neman biya, gwamnati ta biya daga baya: dala ɗari, wato sefa 500, a kan kowane yaro, jaka ɗaya a kan awon ciki. To a wurinmu, da damina, cikin mutum goma da ke kan benci bakwai goyo ne. Ka ga mafi yawan abin da yake shiga akwati a da ya koma takarda.

Matakin farko a gida yake, kuma shi ne kaɗai yake hannunka. Dare uku muka yi da majo a ƙarƙashin fitilar sola muna haɗa rajistar duba yara da rahoton wata da faktir. Dole lambobin uku su zo daidai. In rajista ta ce yara 612, rahoto ya ce 618, faktir ɗin ba za ta wuce ba, ko da kuwa shidan nan yara ne na gaske da aka duba da dare aka manta ba a rubuta ba. Mun tarar da wata biyu da ba a taɓa yi musu faktir ba ma, lokacin da aka canja majo, tsohon ya tafi, sabon bai iso ba. Kowace faktir tana son sa hannun majo da na shugaban kwamiti da hatimin gidan likita. Shugabanmu dattijo ne, dangwale yake yi, kuma a lokacin yana rugga wajen dabbobinsa, sai da na hau kabu-kabu na kai masa takardun har can da tawadar hatimi a aljihu. Fotokopi babu a garinmu, sai ranar kasuwa a garin da ke kusa, dala biyar kowane shafi. Ku yi kofi biyu na komai. Wanda ya gabace ni bai yi ba, shi ya sa wasu watannin ba mu da abin nunawa sai bakinmu.

A cikin daren nan ne na ga abin da ya sa na ƙi haƙura. Wata yarinya, ɗiyar wani tsohon ɗalibina, ta shigo da yaro yana numfashi da ƙyar, haƙarƙarinsa na shiga ciki. Majo ya duba shi, ya juya ya kalli kantar magani, babu amoksisilin ko kwalba ɗaya. Ya yagi takarda ya rubuta mata ordonas. Ta riƙe ta tana jujjuyawa, ta ce, “Baba, ba an ce na yara kyauta ne ba?” Ni ta tambaya, ba majo ba. Na ce mata kyauta ne, ɗiyata, amma ya ƙare. Farmasi mafi kusa sai an yi tafiyar kusan awa guda a kan babur. Na san inda za ta: wajen mai tebur na bakin tasha, wanda ƙwayoyinsa suke kwana a rana. Kuma majo ya rubuta yaron a rajista, don ya duba shi, ke nan mun ƙara bin gwamnati dala ɗari a kan yaron da ba mu ba magani ba.

Daga nan sai biron distirik, wato biron lafiya da ke kula da gidajen likitar yankinmu. Mai kula da kuɗi a can saurayi ne mai haƙuri, yana ce mini Baba. Zuwan farko ya mayar da ni saboda hatimin wata uku bai fito sosai ba. Zuwa na biyu ya karɓa, ni kuma na tashi zan tafi ina godiya, sai ya ce, “Baba, ba ka karɓi shaida ba.” Ashe sai an buga maka hatimi da kwanan wata a kan kofinka, shi ne shaidar ka kawo. Shi ya fara buɗe mini ido. Ya ce distirik ba ta tura faktir ɗin CSI ɗaya ita kaɗai. Sai ta haɗa na dukan gidajen likitar da ke ƙarƙashinta ta yi jimla ɗaya, don haka in guda ya makara kowa ya makara. Ya jawo wani babban kaye ya nuna mini lambobin bordero, takardar rakiya da ake haɗawa da kowane ƙunshi, da ranakun da aka fitar da su. Na zauna na kwafe su duka a kayena. Wannan kwafewar ita ce abu mafi amfani da na yi a shekarar. A kowane biro da na shiga daga baya, in ka ce “na zo a kan maganar kuɗinmu” sai a ce ka dawo. In ka ce bordero lamba kaza ta ranar kaza, sai mutum ya tashi ya buɗe kabad.

Biron jiha a cikin garin Tawa ya ci mini zuwa uku. Na farko mai sa hannu yana wani taron ƙara wa juna sani, na biyu an ɗauke wuta ba a iya buɗe kwamfuta ba, na zauna tun hantsi har azahar a kan benci ina kallon ƙadangaru. Na uku aka duba, aka ce mafi yawan ƙunshinmu sun tafi Yamai tuntuni, amma na watanni shida na nan cikin kabad ana jiran a sami mai tafiya. Ban yi faɗa ba, don na ga su ma ba su da kuɗin isansin kai takarda. Sakatariyar ta ce, “Mushe, in za ka ji shawarata, kada ka wahalar da kanka. Ba a nan abin ya tsaya ba, kuma ba a can da kake zato ba ne.” Ban gane maganarta ba sai da na je.

Kafin in tafi sai da aka yi zazzafar muhawara a kwamiti. Na lissafa kuɗin mota zuwa da dawowa da taksi da abinci, jaka 40. Wata Hajiya mai wakiltar mata ta ce, “Mushe, jaka arba'in yara tamanin ke nan fa.” Gaskiya ta faɗa. Amma miliyan 7 ta rufe mana ido, aka amince. Na hau mota da asuba, muka bi Tsarnawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, kusan kilomita 550, na isa Yamai da yamma ƙafafuna sun kumbura. Na sauka gidan wani da na koyar a ajin farko, yanzu yana aiki a ɓangaren kuɗi na gwamnati. In ba ka da masauki a Yamai, ninka lissafina.

Biron da ke tace faktir ɗin na same shi a rana ta biyu, bayan an tura ni hawa biyu da ba su ba ne. Ɗaki ne cike da kwalaye har kusa da rufi, an rubuta sunan jihohi a jiki da alƙalami mai kauri: Maraɗi, Damagaram, Doso, Tawa. Mutanen da ke ciki ba su kai yatsun hannu ɗaya ba, kuma takardun ƙasa duka a kansu. Wata mata mai gilashi ta karɓi kayena, ta bi lambobin da yatsa, ta shiga kwamfuta. Ta ce na shekarar farko an tace, an amince, an tura ɓangaren kuɗi. Na shekara ta biyu an tace amma an dawo da ƙunshi ɗaya saboda kuskuren jimla a faktir ɗin wani CSI da ban ma san inda yake ba, kuma takardar da ta mayar da shi ta yi watanni a hanya. Na ce, “To Hajiya, wanda aka amince da shi, yaushe za a biya?” Ta cire gilashin ta ce, “Baba, mu nan muna cewa bashi gaskiya ne. Ba mu muke da kuɗi ba.” Na fito na tsaya a inuwar wani bedi, na sayi ruwan leda, na rasa inda zan nufa. Duk zatona a wannan ɗakin za a ce mini ga ranar.

Mai masaukina ne ya warware mini da dare, muna zaune a tabarma bayan tuwo. Ya ce, “Mushe, yau ni zan ba ka darasi.” Ya ɗauki ƙwayar gyaɗa huɗu ya jera. Ya ce duk kuɗin da gwamnati za ta fitar sai sun bi matakai huɗu: a ɗaure kuɗin a kan layinsu na kasafi, a tabbatar an yi aikin kuma ga adadinsa, a ba da umarnin biya wanda suke kira manda, sannan baitulmali ya biya. Takardarmu ta wuce na biyu lafiya. Amma kuɗin da majalisa take rubutawa a kasafin shekara don maganin kyauta ba sa kai yawan faktir ɗin da ke shigowa, saboda ba a ƙayyade yawan yaran da za su zo ba, kuma yara suna ƙaruwa kowace shekara, ga shi da aka ce kyauta ne kowa ya fito. Layin kuwa yana da iyaka. Sannan abin da aka rubuta ma ba a sakinsa gaba ɗaya. Kashi-kashi ake buɗewa a cikin shekara, gwargwadon abin da haraji da kwastan suka kawo, in kuɗin shiga sun gaza sai a riƙe wani kashin. Ya ɗauki gyaɗa ta huɗu ya ce ko manda ta fito, ba kuɗi ba ce, layi ce a ƙofar baitulmali. Akwatin gwamnati ɗaya ne, babu wata tukunya da aka keɓe aka ce ta yara ce. In wata ya ƙare, albashi ne farko, sai biyan bashin ƙasa, sai tsaro, kuma tun da rikici ya ɓarke a Diffa a 2015 ya zo ya haɗa da Tilaberi da arewacin jiharmu, kason tsaro sai hawa yake. Wanda bai biya albashi ba zai ga yajin aiki gobe. Wanda bai biya CSI na ƙauye ba babu abin da zai gani, don gidan likitar ba zai rufe ba, zai dai daina ba da magani a hankali. In kuma Disamba ta ƙare ba a biya ba, sai bashin ya koma tarin bashin baya, a buɗe sabon kasafi da sababbin faktir a kansa.

Na ce masa to ina harajin da aka ƙara mana? Don a lokacin ba a daɗe da rigimar dokar kasafin 2018 ba, wadda ta fitar da mutane tituna a Yamai har aka kama shugabannin ƙungiyoyin farar hula. Ya ce haraji yana shiga akwati guda ɗin nan ne, ba ya zuwa da sunan kowa a goshinsa. Na kwana ina juyi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zan kama in ce kai ka cuce mu. Kowa a kan teburinsa ya yi abin da doka ta ce. Washegari dai na je ɓangaren kuɗin don kada a ce ban je ba, na jira awa biyu, wani ya duba ya ce dosiyen yana nan, ana jiran a buɗe kashi na gaba. Na nemi ya rubuta mini, ya ce ba a rubutawa. Kwana biyar na yi a Yamai, na koma gida da lambobi a kaye da kwalin dabino na tsaraba.

Ranar da na ba kwamiti rahoto ba na son tuna ta. Hajiyar nan ba ta ce komai ba, shirunta ya fi magana ciwo. A gari kuwa zance ya bazu cewa Mushe ya je Yamai ya karɓo kuɗin ya raba da majo. Ni da aka zaɓa don ba a taɓa ji na da kuɗin kowa ba. A nan na fahimci abin da majo ya daɗe yana haɗiya: rediyo ta ce kyauta, uwa ta zo an ba ta ordonas, wa za ta zarga in ba wanda ke gabanta da farar riga ba? Da yawa daga cikin abin da ake kira satar magani a ƙauyukanmu kanta ce da ta bushe. Ban ce babu masu sata ba, akwai, kuma tsarin ma yana koya wa mutum. Wani ma'ajin wani gari ya taɓa ba ni shawara a ɓoye, wai tunda kashi kaɗan ake biya, a ƙara yawan yara a takarda don abin da zai fito ya yi daidai da gaskiya. Na ƙi, ba don na fi shi tsoron Allah ba, don na ga ɗakin kwalayen nan: kowace faktir da aka kumbura tana ƙara sa a tsananta bincike, binciken yana ƙara jinkiri, jinkirin yana ƙara sa mutane su kumbura.

Bayan wata bakwai saurayin distirik ya kira ni a salula ya ce an sako wani abu. Kuɗin ba su zo da sunan wata ko bordero ba, dunƙule ne aka zuba a asusun distirik aka raba gwargwadon bashin kowa. Rabonmu ya kai wajen jaka 900. Kafin in yi murna ya ce ma'ajiyar magani ta distirik tana bin mu jaka 600 na maganin da muka ɗauka bashi, kuma ita ma masu kawo mata kaya kuɗi hannu suke so. Aka cire. Da sauran muka biya mai gadi wata huɗu cikin tara da yake bin mu, muka sayo amoksisilin da farasetamol da ruwan ƙari da safar hannu. Ba su kai ƙarshen Satumba ba. Kuma ku lura, dala ɗarin nan tun 2006 take dala ɗari har shekarar da na bi takardar, alhali kwalbar sirop ba ta tsaya a farashin 2006 ba. Ko da ana biya a kan lokaci, yaro mai ciwon haƙarƙari ko gudawa mai son ƙarin ruwa ya fi ƙarfin dala ɗari. Maganin zazzaɓin cizon sauro da abin gwajinsa sukan zo ta wani shiri daban, su ne suke rufa mana asiri da damina.

Wanda ya ɗauki nauyin kyautar a zahiri shi ne babba mai biyan tikiti. Tsoho mai hawan jini da magidanci mai ciwon ciki, kuɗinsu ne muke juyawa mu sayi maganin yara, sannan su ma in sun zo a ce nasu ya ƙare. Da suka gane haka sai suka rage zuwa, suka koma wajen mai tebur ko suka wuce Tawa kai tsaye, abin da ke shiga akwati ya ƙara raguwa. A wuraren da wata ƙungiyar agaji ta tsaya tana zuba magani, kamar yadda aka yi a Keita, a nan jihar Tawa, a farkon shirin, kyautar ta yi aiki yadda aka faɗa, shi ya sa ban yarda da masu cewa mutanenmu ne ba su iya riƙon abu ba.

Da zan sake daga farko, ba zan je Yamai ba. Bayanin da na samo a can, da lambar bordero da salula ana iya samunsa daga distirik. In har za a je, kwamitocin distirik duka su haɗa kuɗi su tura mutum ɗaya da takarda ɗaya mai jimlar bashinsu, su kuma kai kofi wa masu zama kan kasafi, waɗanda a lokacin tafiyata ƴan majalisa ne, kafin a zauna a ƙarshen shekara, don a can ake yanke girman layin, ba a ɗakin kwalaye ba. Faktir kuwa a kai ta kowane wata ko da an fid da rai, saboda ran da aka sako wani abu da abin da ke rubuce ake rabo. Watanni biyun nan namu da aka makara ba su shiga lissafi ba. Kada ku rubuta bashin gwamnati a kaye kamar kuɗin da ke hannu, ku yi odar magani da abin da kuka ƙirga da yatsunku. Ku sayi na damina tun Mayu ko Yuni, kafin hanya ta lalace kuma kafin kowa ya ruga ma'ajiya lokaci guda. Ku je wurin hukumar komin, wato ƙaramar hukumarku, tun ana shirya kasafinta, ko albashin mai gadi kaɗai ya ɗauka an rage muku kaya. Abin da ya wanke ni a gari kuwa allo ne. Na samo tsohon allon lakwal na jingina a ƙofar gidan likita, kowane wata ina rubuta yara nawa aka duba, nawa ya shigo, nawa aka kashe, nawa muke bi, kuma ranar Juma'a bayan salla wani ya karanta da Hausa. Zargin bai mutu duka ba, amma ya bar kan majo.

Abubuwa sun sauya bayan tafiyata. An kafa hukuma ta musamman, INAM, don ta riƙa kula da tace faktir da biyan kuɗin maganin kyauta, saboda haka hanyar takarda ta yau ba lallai ta zama irin wadda na bi ba. Ku tambayi distirik inda ake kaiwa yanzu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka sa wa ƙasa takunkumi, iyakoki suka rufe, masu ba da tallafi da yawa suka janye, a watan Oktoba aka zaftare kasafin shekarar da kashi 40 cikin ɗari, daga sefa biliyan 3,291 zuwa biliyan 1,981. Duk wanda ya ji darasin gyaɗa huɗu ya san abin da wannan ke nufi ga masu jira a ƙarshen layi. Sannan daga 1 ga Satumban 2024 aka rage kuɗin duba marasa lafiya da rabi a gidajen likitar gwamnati, aka mai da haihuwa kyauta. Ranar da aka faɗa a rediyo matan gidana har guɗa suka yi, kuma suna da gaskiya, talaka ya sami sauƙi. Ni ina zaune da rediyon a cinya ina lissafin tikitin manya, wanda shi ne ɗan abin da ya rage yana juya akwati, ina tambayar kaina rabin da aka cire daga wane layi zai fito, kuma a wane wata.

Na sauka bara, idanuna ba sa ganin ƙananan lambobi. Wadda aka zaɓa ƴar Hajiyar nan ce mai wakiltar mata, ta yi lakwal har aji na uku na kwaleji. Na kai mata akwatin da allon da kayen bordero. Ta buɗe kayen tana bi, ta ga watannin da na ja wa layi da jan biro, ta ce, “Baba, waɗannan fa?” Na ce waɗanda aka biya ne. Ta juya shafi, ta sake juyawa, ta ce, “To sauran?” Na miƙa mata robar tayar.